Ƙaramar Masaƙar Goggo

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Goggo ta riga mu tafiya. Ta cika ran Talata da hantsi a ɗakinta a Azare, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ni ina Gamawa gidan aurena, saƙo bai iske ni ba sai washegari, saboda haka ban ga gawarta ba. In faɗi tsakani da Allah, ko da ina cikin garin ban san ko ƙafata za ta yarda ta shiga ɗakin ba. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara bakwai har ta kai ni ɗakin miji, amma shekara goma sha bakwai ke nan rabona da gidanta. Ban je ba, ban aika ba, ita ma ba ta aiko ba.

Na tarar da tsakar gida cike da mata, tabarmi har bakin rijiya, amma idon kowa a bushe ƙamas. Wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce Allah ya jiƙan ta, halinta na gari ya bi ta, a amsa da amin, sai kuma wuri ya yi tsit, don kowa na laluben halin na garin a ransa ya rasa. Ba a jima ba aka fara ƙus-ƙus. Wannan ta ɗaga ɗankwali ta nuna kunnen da Goggo ta murɗe mata tun tana budurwa, har yau bai koma daidai ba. Waccan ta nuna tabon allura a bayan hannu. Wata ta ce ita zanenta sabo ful aka keta mata a gaban mutane. Da na zauna sai idanu suka dawo kaina, ana nuna ni da baki: ai ga wadda aka tsaga wa baya da aska nan, 'yar riƙonta ma ke nan, ina ga bare. Mutum ɗaya na ga tana kuka na gaske, wata Bafillatana daga rugar hanyar Itas. Ta haɗa kai da gwiwa a gindin bango, ba ta kula kowa ba.

Bayan la'asar Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage a cikinsu, ya sa aka kira ni zaure. Ya ce ya bi duk wanda Goggo ta taɓa, maza da mata, kowa ya ce ya yafe, wasu da zuciya ɗaya, wasu don kunyar idonsa. Saura ni.

"Tana kwance a kabari yanzu," in ji shi. "Ki ce kin yafe, ki sauke mata."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, a bar ni tukuna."

Ya ce zai sake tambayata ran sadakar uku, in kuwa na ƙi, to ni da Allah. Na koma cikin mata tabon bayana yana yi mini ƙaiƙayi, kamar yadda yakan yi duk sa'ad da aka ambace ta.

Bari in faɗi ko wace ce Goggo, don masu tasowa ba za su san ta ba sai a bakin waɗanda ta daka, kuma wannan bai isa ba.

Doguwa ce siririya, mai manyan jijiyoyi a hannu, haƙorinta ɗaya na gaba a gutsure. Masaƙiya ce. Masaƙarta irin ta mata ce ta tsaye, jingine da bangon rumfa. Tana saƙa gwado, tana saƙa zane, amma abin da ya fitar da ita a gari majanyi ne, ƙyallen da ake ɗaure goyo da shi. Sauran mata in sun sauke majanyi daga masaƙa sun gama ke nan. Ita a nan aikin yake farawa. Sai ta ɗauki allura ta bi jikinsa da surfani, jan alharini da zaren tsamiya, layi-layi da 'yan gidaje kamar na dara, sannan ta koma gezar da ke gefe biyu ta jera mata ƙananan duwatsun ado, ja da shuɗi da ruwan ƙwai. Mace in ta ɗaura majanyin Goggo ta shiga gidan suna, ba wanda ke kallon zanenta, bayanta ake bi da ido.

Dokarta biyu ce, kuma duk yarinyar da aka kawo mata koyo da su take fara cin karo. Ta farko, dutse ba ya hawa bakin majanyi na sama, inda bakin yaro ke kaiwa. A geza kawai, wadda ke faɗowa gaban uwa in an ɗaure. Ta biyu, ba a zura duwatsu a zare ɗaya a jere kamar jigida. Kowane dutse da ƙullinsa, zare riɓi biyu, a ƙulle, a yanke, sannan a ɗauko na gaba. Kai, aikin nan da cin rai yake! Abin da za ki gama kafin azahar sai ya kai ki kwana uku. In an gama kuma ta kama duwatsun ɗaya bayan ɗaya da haƙori ta ja, abin da ya gutsure mata haƙorin ke nan. Ba ta taɓa gaya mana dalili ba. Goggo ba ta bayani, hannu take sawa.

Hannun kuwa kullum yana kusa da akwasha, katakon nan mai faɗi mai kama da takobi da ake buga zare da shi a masaƙa. Tata ta kanya ce, ta sha hannu har tana ƙyalli. Ta bugi zare da ita, ta bugi mutum da ita, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ina 'yar shekara goma ta ba ni majanyina na farko in yi tun daga wadarin zare har geza. Kwana ashirin na yi a kansa. Da na zo duwatsu na gaji, sai na yi mata wayo irin na yara: na ƙulle na gefe-gefe ɗaya-ɗaya, na tsakiya kuwa na zura biyar a zare ɗaya, wai ba za ta cije duka ba. Af, ashe ban san ta ba. Tana kaiwa tsakiya ta ja, zaren ya tsinke, duwatsu suka watse a ƙasa. Ta kama hannuna ta shimfiɗa a bakin turmi, ta dinga sauke mini akwasha a gaɓoɓin yatsu har suka kumbura suntum, ina ihu ina kiran uwata da ta mutu. Sannan ta zaro aska ta yayyanka majanyin nan gutsi-gutsi a gabana, sauran duwatsun ma suka zube a ƙasa, ta cusa ƙyallen a murhu. Na ce shi ke nan an gama, ashe da saura. Ta miƙo mini rariya ta ce in tankaɗe ƙasar tsakar gida. Dutse talatin ta ba ni, talatin take so ta gani a faifai.

Rana tsaka, yatsuna ba sa lanƙwasuwa, na tankaɗe ƙasa har na sami ashirin da tara. Ɗaya ya ƙi fitowa. Goggo ta tsaya tana dube-dube, sai idonta ya faɗa kan wata kaza da ke tsattsage a bakin magudana. Kazar Iya ce, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, sa'ar Goggo, wadda suka taso tare tun a garin Katagum kafin zama ya dawo da su Azare. Goggo ta yi wuf ta cafke kazar, ta leƙa waje ta kira wani malami mai wucewa ya yanka, ta farke cikinta da kanta, ta tsaga ƙundun. Kafin ta gama Iya ta faɗo gidan da muciya a hannu. Ban taɓa ganin manyan mata sun yi irin wannan kokawa ba. Iya ta fasa wa Goggo goshi, Goggo ta gartsa mata cizo a kafaɗa, zannuwa suka kwance, suka yi ta birgima cikin jinin kaza da gashi. Can sai Goggo ta buɗe tafin hannunta a fuskar Iya. Ɗan dutsen ne, ja, cikin tsakuwar ƙundu. Abin da ya ɗaure mini kai a ranar shi ne yadda Iya ta saki muciya nan take, ta gyara zanenta, ta fita. Da yamma Goggo ta dafa kazar ta aika mata da tukunyar gaba ɗaya, haɗe da budurwar kazarta guda. Iya ta cinye naman, ta riƙe kazar, kuma ta shekara ba ta gaishe mu ba.

Haka take da kowa. Wani mai koli a kasuwa ya taɓa sayar mata da duwatsu masu kaifin huda, irin masu yanke zare. Ta koma ran kasuwa mai zuwa ta kifar masa da faifan kayansa, ta take, ta shaƙe shi da wuyan rigarsa har idonsa ya firfito, sai da mahauta biyu suka ɓamɓare ta. Matar da aka keta wa zane kuwa, majanyi ta yi wa jikanta ta jera masa duwatsu a baki, ta zo nuna wa Goggo. Ta koma gida da rabin zane.

Ita kuwa Bafillatanar da na ce tana kuka, ni na ga farkon abin da idona. Tana yarinya a lokacin, ta shigo gari da ƙwaryar nono a ka, da jariri a baya ɗaure da wani tsumma. Daidai ƙofar gidanmu wani mai jaki da kayan itace ya banke ta, ƙwarya ta fashe, nono ya wanke masa riga. Maimakon ya ba da haƙuri sai ya ɗaga bulalar jakin ya zuba mata, bulala ta sauka a kan jaririn. Kukan yaron ne ya fito da Goggo, ba mayafi, ba takalmi, akwasha a hannu. Bugu ɗaya ta fasa masa kai, jini ya rufe masa ido, ta bi shi har ƙarshen lungu tana lafta masa a gadon baya, jaki ya yi nasa wuri, itace ya zube a hanya. Ta dawo tana haki ta ja yarinyar cikin gida, ta wanke wa yaron shatar bulala, ta shafa masa man shanu, ta dama musu fura. Duk tana yi tana zaginta, wai wace irin uwa ce za ta ɗaure ɗa da tsumman goge tukunya. Ta fizge tsumman ta jefar, ta ɗauko sabon majanyin da matar wani attajiri ke jira, ta ɗaure mata yaron da shi, ta kora ta waje. Tun daga ran nan duk damina sai matar nan ta kawo mana man shanu a ɗan ƙoƙo, Goggo ta karɓa ta ce ya yi ruwa.

To, yanzu sai nawa. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa shi cikakke ba, har maigidana.

Da aka kai ni Gamawa na yi numfashi. Mijina mutum ne mai sanyi, mai fataucin hatsi, uwarsa kuma ko tsawa ba ta iya ba. Da na sami ciki, al'ada ta ce in koma gida goyon ciki, uwata kuwa ba ta da rai, gida shi ne wurin Goggo. Na ƙi. Na haihu a ɗakin uwar mijina, 'ya mace. Goggo ta aiko da majanyi, na jefa shi ƙasan adudu ban ko warware shi ba. Na ce ni ma na iya, kuma ba wanda zai ƙara bugun yatsuna. Na kafa masaƙata na saƙa nawa, mai faɗi sosai yadda zai hau har wuyan yarinyar. Na sayi wasu shuɗɗan duwatsu masu ɗigon fari a tsakiya wurin wani Babarbare, irin da ban taɓa gani a Azare ba, na jera su layi biyu a bakin majanyin na sama, inda kowa zai gani. A zare ɗaya na zura su, rabin yini na gama. Matan Gamawa suka yi ta santi, kaina ya yi girma.

Yarinyar na wata takwas, tana haƙori, duk abin da ta samu sai baki, na ce zan kai ta Azare gaisuwa. Ƙarya nake, nuna majanyi na je yi. Na shiga gidan bayan azahar, Goggo ita kaɗai a gindin masaƙa. Tun daga zaure yarinyar ke gwaranci tana ɗan tsalle a bayana, ina durƙusawa gaisuwa sai ta yi shiru, na ce a raina barci ne ya ɗauke ta. Goggo ta amsa gaisuwa a daƙile. Na tashi na nufi randa wai zan sha ruwa, da gangan na juya mata baya, ina tafiya a hankali don ta gani da kyau.

Ban ji tahowarta ba. Wani zafi kawai na ji kamar an ɗora mini garwashi tun daga kafaɗa har ƙugu, sai bayana ya yi sakayau. Da aska ta tsarge majanyin da zanen, har da naman bayana. Ina juyowa na ga ta riƙe 'yata ta ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, tana dukan bayanta da dunƙulen hannu, tim, tim, tim, kamar mai kakkaɓe tabarma. Jini na bin ƙafafuna, ni ban ma ji ba. Yarinyar ta sheƙa amai, ta tsandara ihu. Ni kuwa idona ya rufe. Na ce matar nan ta gama da yatsuna, yanzu ta koma kan 'yata saboda na karya mata doka. Na sunkuya na ɗauki akwashar da ta yar a gindin masaƙa, na ɗaga da hannu biyu. A lokacin ta riga ta juyo da yarinyar ta rungume ta da hagu, sai ta ɗago hannun dama ta kare. Na sauke da duk ƙarfina. Na ji ƙarar ƙashi kamar an karya karan dawa.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni, ta miƙo mini yarinyar da hannun da ya rage.

"Ɗauki 'yarki," in ji ta.

Na ɗauka, na yafa mayafi a kan jinin, na fita. Gidan Baffa na nufa, aka kira wanzami ya gyara mini ciwon, gari ya ɗauka cewa Goggo ta haukace ta tsaga 'yar riƙonta da aska saboda majanyi. Na nuna bayana ga duk macen da ta so gani. Abin da hannuna ya yi kuwa na haɗiye. Bayan kwana biyu labari ya zo cewa Goggo ta karye a hannu, wai turmi ne ya faɗo mata. Da bakinta ta faɗi haka. Na ce a raina ita ta sani, ta ɗanɗani akwasha ita ma. Na koma Gamawa na kwance masaƙata na ba da ita, ban ƙara taɓa allurar surfani ba.

Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, amma hannun ya warke a karkace, yatsu uku suka nannaɗe ba sa buɗewa. Babbar masaƙa tana son hannu biyu masu ƙarfi, don haka aka ce Goggo ta gama. Ba ta gama ba. Ta kira masassaƙi ta tsaya a kansa tana zaginsa har ya sassaƙa mata wata 'yar masaƙa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, wadda za ta maƙale tsakanin gwiwoyi. Da hagu ta koyi saƙa tun daga farko, mace mai furfura. 'Yan ƙyallaye take fitarwa masu faɗin yatsa huɗu, sai ta jera su ta haɗe da allura, ta rufe mahaɗin da surfani yadda ba za ki gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba, sannan duwatsu a geza. Majanyi ɗaya sai ya ci mata wata biyu. Lokacin yaƙin Turawa da yadi ya yi wuya, har daga Itas da Sakwa ake zuwa bin layi. Na taɓa ganin ɗaya a bayan wata mata a gidan suna a Gamawa. Daga nesa na gane ƙullin, na tashi na canza wurin zama.

Ran sadakar uku, bayan an raba waina mutane sun ragu, Iya ta yafuto ni. Ta tsufa tukuf, da sanda take tafiya. Ashe duk shekarun nan ita ke dafa wa Goggo abinci, ita ta yi jinyarta, ita ta yi mata wankan gawa. Ta ja ni ɗakin, ta sa na zauna a bakin gadon kara. Ga 'yar masaƙar a jingine, ga akwashar kanya rataye a bango. Iya ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar jakar fata baƙa wuluk, irin ta laya. Ta ce a wuyan Goggo ta cire ta da za a yi wanka, kuma ba laya ba ce. Ta zazzage mini a tafin hannu. Duwatsu biyu ne.

Ta taɓa jan, wanda ya dushe don tsufa. Ta ce a Katagum, Goggo na amarya, ba wadda ta kai ta hannu, kuma ba wadda ta kai ta fara'a. Ta haifi ɗa namiji, ta yi masa majanyi da jajayen duwatsu a baki, a zare ɗaya, gari duk ana magana. Wata safiya ta goya shi ta tafi kogi ɗebo ruwa. A hanyar dawowa yaron ya yi shiru, ta ɗauka barci ne, ta taho da tulu a ka tana yi masa waƙa har gida. Sai da ta kwance goyo. Tsofaffin da suka yi masa wanka su suka zaro dutsen daga maƙogwaronsa. Ba ta ƙara haihuwa ba, auren ma bai ƙara shekara ba. Iya ta ce tun ran nan ba ta sake jin Goggo ta yi waƙa ba, kuma ta rantsar da duk wanda ya sani kada ya faɗa.

Ɗayan ba sai an gaya mini ba. Shuɗi ne mai ɗigon fari a tsakiya.

Iya ta ce ran nan ta ji ihun ta katanga, kafin ta zagayo na riga na fita. Ta tarar da Goggo a ƙasa, hannu na lilo, tana tona aman yarinyar da yatsun hagu har ta tsinto shi. Goggo ta gaya mata cewa ina juya baya ta ga fuskar yarinyar ta yi baƙi, ido ya kafe, zaren duwatsu a tsinke a bakinta. Babu lokacin kwance ɗauri, askar ce a kusa. Iya ta ce bari ta bi ni da gudu ta nuna mini. Goggo ta riƙe mata zane da hannun mai lafiya, ta ce in ta kuskura sai ta yanke mata harshe. Iya ta ce don me, yarinya za ta tafi da ƙiyayya a banza.

"Gara ta tsane ni," in ji Goggo, "da ta san abin da ta kusa yi. Ni na san nauyinsa. Ba za ta iya ɗauka ba."

Ban san lokacin da na sauko daga gadon na zauna a ƙasa ba. Shekara goma sha bakwai ina nuna bayana, ina jin daɗin a ce mini sannu. Yarinyar da aka riƙe ta ƙafa ɗaya tana nan da ranta, ta yi aure, tana ɗakina a Gamawa da tsohon ciki tana jiran haihuwa. Kukan da na yi ran nan har waje aka ji shi, mata suka leƙo suna mamaki, wai ashe dai riƙo ba wasa ba.

Da na sami bakin magana na tambayi Iya ko Goggo ta taɓa cewa ta yafe mini. Iya ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ba ta taɓa ji ba, Goggo ba ta irin wannan magana, ko sunana ba ta kira, sai dai ta ce waccan ta Gamawa. Amma ta jawo adudu daga ƙarƙashin gado ta fito da majanyi. Ta ce tun da aka kawo labarin auren 'yata, Goggo ta fara shi, ba ta jira a ce akwai ciki ba. Saƙar ba ta yi kyan na da ba, wani wuri ta tsuke wani wuri ta saki, surfanin ma ya karkace, don ido ya tafi. Bakinsa na sama wayam, ko zaren ado babu. Duwatsu suna geza, kowane da ƙullinsa.

"Saƙo ɗaya ta bar miki," in ji Iya. "Ta ce haƙoranta sun zube, ba ta gwada ba. In kin zo, ki cije su duka kafin a goya yaron."

Na fita zaure wurin Baffa da majanyin a hannu. Ya ce to, na yi tunanin? Na ce masa ba ni da abin da zan yafe, ni ce mai nema, kuma wadda zan nema wurinta an rufe ta shekaranjiya. Na gaya masa ba turmi ba ne ya karya mata hannu, ni ce. Ya share ido da bakin rawani ya ce in yi ta yi mata addu'a, abin da ya rage ke nan. Daga nan na koma tsakar gida na faɗa wa matan da suka rage, har mai murɗaɗɗen kunne, har mai rabin zane. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce duk da haka dai ta cika zafin hannu. Ban musa ba. Ta cika. Yatsuna har yau suna ciwo in sanyi ya shigo, kuma ba zan ce duk wanda ta daka ya cancanta ba. Abin da nake roƙo kawai, duk wanda zai ba da labarin dukan, ya haɗa da labarin duwatsun nan biyu.

Na zauna a gindin rumfarta da rana tsaka na kama duwatsun ɗaya bayan ɗaya da haƙori na ja, geza ta dama, geza ta hagu, har dasashina ya yi jini. Da hagu aka ƙulla su, da ido mai hazo. Ko ɗaya bai motsa ba.

Na taho Gamawa da 'yar masaƙar, akwashar kuwa na bar wa Iya, ba na son ganinta. Yarinyar ta sauka lafiya, namiji. Ran da suka yi arba'in aka goya shi da majanyin Goggo. Allah ya jiƙan ki Goggo, ya yafe miki abin da hannunki ya yi, ya yafe mini abin da na yi wa hannunki, ya haɗa ki da yaron da kika yi wa waƙa har gida. Yanzu in yarinyar za ta fita da goyo, ko nan da rijiya ne, sai in yafa mayafi in bi ta. Tana ta mita wai na cika sa ido, mutane na dariya. Ban gaya mata dalili ba. Ina dai bayanta, taku biyu, ina kallon fuskar yaron.